Adadin Shanun Baffa

Kwanana uku a Dubai na gane cewa aikin da ejan ya ce yana jirana babu shi, ba a ma taɓa yin sa ba. Lambar da ya ba ni in kira idan na sauka a kashe take, kuma har na baro ƙasar ba a kunna ta ba. Abin da ya rage mini shi ne bizar ziyara ta wata biyu, da takardar diflomata ta kiwon lafiyar dabbobi a cikin leda, da gadon sama a wani ɗaki da mu goma muke kwana. Idan wata biyun nan suka cika ban samu wanda ya ɗauke ni aiki ya canja mini biza ba, sai gida. Gida kuwa Tarai ne, a ƙasar Kibiya, inda mahaifina Baffa ya kaɗa bijimai biyu kasuwa saboda wannan tafiya, bai ce da ni komai ba sai "Allah ya tsare."

A gadon da ke ƙarƙashin nawa akwai Sabi'u, ɗan cikin garin Rano, mahaifinsa mai sayar da kayan gini. Ba zan ci haƙƙinsa ba: shi ya fara miƙo mini farantin shinkafa ranar da na zauna ina kallon bango, shi ya nuna mini yadda ake shiga jirgin ƙasa. Watansa takwas a can yana sabunta biza, kuma ya yi intabiyu ta neman aiki fiye da yadda zai iya tunawa. Bai taɓa cin ko ɗaya ba, amma in yana bayani sai ka rantse shi ne mai ɗaukar mutane aiki.

"Ɗan Fillo, zauna in karanta maka garin nan," in ji shi. "Intabiyu kala-kala ce. Akwai ta waya, akwai ta layi, akwai wadda na'ura ce za ta yi maka, akwai wadda za a tara ku kamar awaki, akwai ta manya a bayan tebur. Kowacce da irin ƙaryar da take so. Amma abu uku ba sa canjawa: ka kalli mutum cikin ido, ka yabi kanka, ka ba su lamba. Mutanen nan ba sa jin 'da dama' ko 'ba laifi'. Lamba suke so."

Na yi dariya, don ya lissafa mini daidai abubuwa ukun da aka hana ni tun ina rarrafe. A gidanmu ba a kallon babba a fuska. Ba a cewa "na iya", sai dai wani ya faɗa a bayan idonka. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Usmanu ko Manu, sai dai "kai wannan". Shanu kuwa ba a nuna su da yatsa, ba a faɗin adadinsu, don baki yana cin dabba. Baffa ya san kowacce da fuskarta da uwarta da kakarta, in ɗaya ba ta dawo ba zai gane tun garken yana nesa, amma ban taɓa jin ya ƙirga ba. Ma'aikacin allura ya taɓa tambayarsa nawa ne, ya ce, "Suna nan dai." Ni da na yi karatu na karɓi yi musu allura, dole na san adadin, amma a cikina yake, ko Inna ba ta taɓa jin sa a bakina ba.

Ta waya ce ta fara zuwa. Wata mata ce ta kira da hantsi daga wani kanti da na kai wa takardata. Na miƙe tsaye saboda girmamawa, duk da ba ta ganina, na tattaro Turancina na fara gaishe ta. Na tambaye ta yadda ta kwana, da aiki, da mutanen gida, ina shirin shiga zancen zafin gari ta katse ni ta ce minti huɗu gare ta. Ta ce in ba ta bayanin kaina. Na faɗi sunana da garinmu da makarantar da na yi, na yi shiru, don ban ga abin da ya rage ba wanda ba yabon kai ba ne. Ta ce za su neme ni.

Sabi'u yana kwance yana ji, dariya har da buga katifa. "Ka manta ba ka tambayi lafiyar mijinta ba! Manu, gaisuwar Tarai ka kawo Dubai? A nan 'barka' ɗaya ce, sai ka hau sayar da kanka."

Ta layi ta fi ciwo. Aikin gadi ne, an ce kowa ya zo da kansa. Tun bayan sallar asuba muka kama layi, 'yan Nepal da 'yan Uganda da 'yan Pakistan da mu, kowa da ledar takardunsa a ƙirji. Ina sanye da kwat ɗin Sabi'u da laktayen da ya ɗaura mini, gumi yana bin bayana har cikin takalmi. Sai bayan azahar layi ya zo kaina. Na ga ofis da shimfiɗa mai laushi, ga dattijo mai furfura a zaune, ƙafata da kanta ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Na shiga da safa, na zauna a bakin kujera, idona a kan teburinsa. Ya yi mini tambaya biyu, sannan ya ce, "Me ka ɓoye da ba ka iya kallona? Mai gadin da ba ya kallon mutane me zai gada?" Na fito na tarar masu layi sun yi ta shurin takalman, ɗaya a nan, ɗaya can ƙarƙashin benci. Na durƙusa cikin kwat ina laluben takalmi a tsakanin ƙafafun mutane, kuma a ranar na fara jin haushin tarbiyyar da aka yi mini.

Daga nan na miƙa wuya ga Sabi'u. Kullum bayan la'asar mu hau matakalar bene, ya zauna sama kamar manaja, ni a ƙasa. Ya sa in zuba masa ido har sai hawaye ya taru mini. Ya sa in maimaita, "Ni ƙwararre ne, babu kamata." Kalmomin nan nauyi suke mini a harshe, in na faɗa sai in ji kamar Baffa yana tsaye a bayana. Amma na koya. Mutum in kwanakinsa suna ƙarewa babu abin da ba zai koya ba.

Na yi ta na'ura, wadda babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinta: tambaya ta fito a fuskar waya, agogo ya hau gudu, kai kuma ka yi ta yi wa kyamara murmushi. A banɗaki na yi ta, don nan ne kaɗai babu hayaniya, ana buga mini ƙofa. Na yi ta taro, mu goma sha biyu a zagaye, aka jefo mana tambaya ɗaya aka koma gefe ana kallon wanda zai fi baki. Kowa ya hau kan maganar kowa. Ni kuwa ina jiran wani mutumin Masar da ya girme ni ya kai aya, bai kai ba har aka ce lokaci ya cika. Ban ce uffan ba, kuma ban san abin da matar da ke sa mana ido ta rubuta a gaban sunana ba, na dai ga bai ɗauke ta lokaci ba.

Akwai wata kalar da Sabi'u bai lissafa ba, ita ce ta gwaji. Ana saura kwana uku Babbar Sallah wani mai sayar da raguna a kasuwar dabbobi ya ce ba ya son surutu, aiki yake son gani, in yi kwana uku, in na yi masa zai yi mini biza. Raina ya yi fari, na ce yau dai an zo inda na fi ƙarfi. Na sauke raguna daga manyan motoci, na ware masu tari, na ɗaure wa wani karaya, na ɗora wa masu saye a bayan mota cikin ranar da ke narkar da kwalta. Yana ta buga kafaɗata yana cewa madalla. Ranar Sallah da yamma, da garken ya ƙare, ya ce ya duba ya ga ban dace ba. Ya ba ni ledar ƙashi da ɗan nama a jiki. Da na ba da labari a ɗaki, mutum biyu suka ce su ma bara ya gwada su.

A wannan makon kewar gida ta kama ni sosai. Damina ce a can, na san gero ya kai gwiwa, na san hanyar ƙauyen Fammar ta cika da ruwa. Na sayi madara a kanti, fara tas a roba, ba ƙamshi ba ɗanɗano, na sha ina tuna ƙwaryar Inna. In na kira gida Baffa ba ya tambayar aiki. "Kana cin abinci?" shi ne kawai, sai ya ba ni labarin wadda ta haihu da wadda ke ɗingishi. Da ya tambaya ma da ya fi mini sauƙi.

Saura kwana goma sha ɗaya bizata ta ƙare na ga sanarwar. Wata babbar gonar madara ce can bayan gari, wajen sahara, suna neman mataimakin likita a sashen da shanu ke haihuwa. Na karanta sau uku. Wannan ba gadi ba ne, ba kanti ba ne, aikina ne da na tashi a cikinsa. Na sauko daga gado na nuna wa Sabi'u, don ba ni da wanda ya fi shi.

"Wannan taka ce," in ji shi. "Ta manya ce, a bayan tebur, sai mun shirya sosai. Ni ma bari in jefa takardata, ko shara ce a ba ni."

A matakala ya ce, "Dole za su ce ka ba su labarin wata matsala da ka warware da hannunka. Me za ka ce?"

Sai na ba shi labarin Wule, wanda ban taɓa ba kowa ba, don a gida ba labari ba ne, kowa yana wurin. Wule karsana ce mai farin goshi, haihuwarta ta fari. Naƙuda ta kama ta ana tsakiyar damina, ruwa ya yanke hanyar Kibiya, babu likitan da zai iso. Ƙafafun ɗan biyu suka leƙo, kai babu, ya lanƙwashe baya. Inna ta daka ganyen karkashi a ƙwarya, ta tace yauƙin, na shafe hannuna da shi har kafaɗa. Na jira ta huta daga yunƙuri, na mayar da ɗan ciki, na lalubo bakinsa, na rufe haƙoransa da tafin hannuna don kada su yage ta, na juyo da kan a hankali. Baffa yana riƙe da ita yana yi mata magana a kunne. Ta haihu lafiya, kuma har yau tana garken.

Sabi'u ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya tambaye ni da wane hannu, ya tambayi tsawon jiran, ya tambayi yadda ake gane baki daga kunne a cikin duhun ciki. Sau uku ya sa na maimaita a ranar, washegari ma haka. Ni kuwa ina ta jin daɗi, ina cewa a raina Allah ya haɗa ni da ɗan'uwa mai goge ni.

"Saura lamba," in ji shi. "Shanu nawa ka kula da su?"

"Suna nan dai."

"Ka ga matsalarka! Ka ce ɗari biyu."

"Ba zan yi ƙarya ba."

"To faɗi gaskiyar."

"Ba a faɗa, Sabi'u."

Ya kaɗa kai. "Wallahi Ɗan Fillo, za ka koma Tarai da kunyarka a leda."

Ranar intabiyun ta zo bizata saura kwana huɗu. Tafiyar awa biyu ce a bas. Tun kafin mu ga ginin iska ta kawo mini warin kashin shanu, na juya fuskata ga taga don kada Sabi'u ya ga idona. A bakin ƙofa akwai wani tsoho baƙi mai farin rawani yana duba takardu. Da ya ji muna magana sai ya ce, "Sannunku da zuwa, 'ya'yana," da wata irin Hausa ta mutanen da. Baba Idrisa sunansa, mutumin Sudan, kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa zai tafi hajji, ya tsaya a hanya bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Ya dubi hannuwana ya ce, "Kai na shanu ne."

Da jerin haruffa ake kira, saboda haka Sabi'u ya riga Usmanu shiga. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai biyo ta wurina ba, wata ma'aikaciya ta wuce da shi wani ofis. Ban kawo komai a raina ba.

Su uku ne a bayan teburin: wani Bature shugaban gonar, da wata 'yar Indiya mai kula da ɗaukar ma'aikata, da wani Balarabe likitan dabbobi. Na shiga da takalmina. Na yi gaisuwa ɗaya tak. Na kalle su cikin ido ɗaya bayan ɗaya, na ce ni ƙwararre ne, kuma harshena bai sarƙe ba. Likitan ya tambaye ni alamun ciwon nono da na kumburin ciki, na amsa, ya gyaɗa kai. A karo na farko tun saukata na ji ƙasa ta tsaya a ƙarƙashin ƙafata.

Sai matar ta ce in ba su labarin wata matsala da na warware da hannuna.

Na fara. Damina, ruwa ya yanke hanya, ƙafafu biyu babu kai. Ina isowa kan ganyen da aka daka, likitan ya ajiye bironsa ya dubi matar.

"Ganye mai yauƙi?" in ji shi. "Mahaifiyarka ce ta daka?"

Na ce ita ce.

"Saniyar kuma mai farin goshi ce, mahaifinka yana yi mata magana a kunne?"

Baturen ya yi dariya ta hanci. Matar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wanda ya fita yanzu ya ba mu wannan labarin kalma da kalma. A ina kuke haddace su?"

Na ce labarina ne, saniyar mahaifina ce, hannun nan ne ya shiga cikinta. Na ce su kai ni wurin shanunsu, minti goma kawai, su kawo shi shi ma. Baturen ya ce doka ba ta yarda baƙo ya taɓa dabba ba, kuma akwai mutane a waje suna jira.

Likitan dai kamar yana so ya ba ni hanya. Ya ce, "To, idan garkenku ne, shanu nawa ne a ciki? Shi wancan bai yi jinkiri ba, ya ce ɗari biyu."

Na san in na ce "suna nan dai" an gama, za su ce maƙaryacin ya kasa ƙirƙiro lamba. Na tuna kwana huɗu. Na tuna bijiman nan biyu suna waiwaye ana kaɗa su. Sai na buɗe baki na faɗa, adadin shanun Baffa daidai, har da 'yan maruƙan da ke ɗaure a dangwali, a gaban mutum uku da ba su san shi ba, ba su yi musu ko fatan albarka ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Sau ɗaya na faɗa, ya isa.

Baturen ya rubuta lambar a gefen takardata, ya zagaye ta da biro. Ya ce, "Ƙaramin garke ne. Mu muna neman wanda ya saba da shanu masu yawa." Matar ta ce za su neme ni.

Na fito bakin ƙofa. Baba Idrisa ya jawo ni cikin rumfarsa, ya ba ni kujerarsa, ya zuba mini shayi mai citta, bai tambaye ni komai ba sai da na shanye. Da na gaya masa abin da Sabi'u ya yi, tsaki kawai ya ja. Da na gaya masa abin da ni na yi, sai ya ƙara mini shayi.

"Kakana ma ba ya faɗa," in ji shi. "Ka yi musu addu'a, ɗana. Allah ya san matsuwar da ta sa ka."

Ya tsayar da motar madara mai shiga gari ya ce direban ya sauke ni. Ban sake ganinsa ba, kuma shi kaɗai ne nake yi wa addu'a da suna a duk ƙasar nan.

Da yamma Sabi'u ya shigo ɗaki yana haɗa kayansa, gonar za ta ba shi wurin kwana. Ya ƙi kallona, shi malamin kallon ido.

"Manu, ka fahimce ni. Labarin nan a bakinka ba zai ci ba, na san ka, za ka tsaya kunya ka ɓata shi. Da mu rasa mu biyu ba gara ɗaya ya samu ba? Wata goma fa nake nan. In na zauna da gindina zan jawo ka."

Na so in shaƙe shi da laktayensa. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne ban ko ɗaga murya ba. Na cire kwat ɗinsa na ninke na miƙa masa, har da cewa na gode.

Na sauka a tashar Rano da jakar da na tafi da ita, na hau acaɓa zuwa Tarai. Inna ta kawo fura ta ajiye ta juya, tana share ido da gefen mayafi. Baffa ya ce, "Ka dawo lafiya? Madalla." Bai ƙara ba. Shanun suna nan ƙalau, babu abin da ya same su, amma ni na rasa sukuni a cikinsu. In ɗaya ta yi tari sai gabana ya faɗi, in wata ta makara a dawowa sai in tuna lambar nan a zagaye da biro a cikin wata durowa.

Mako uku da dawowata, da hantsi, muna zaune a gindin ɗorawa Baffa yana tufkar igiya, wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Sabi'u ne cikin rigar aiki, gumi ya jiƙa shi, idanunsa sun firfito.

"Manu, don Allah, don Annabi. Likita ya tafi ɗaya gonar, an ce ai wannan fannina ne. Duba."

Ya juya wayar. Wata ƙatuwar saniya ce mai baƙi da fari a kwance, ƙafafu biyu sun leƙo, babu kai. Yatsana yana kan wurin kashewa. Wallahi na yi niyya, na ce bari su ga ɗari biyun nasa. Sai saniyar ta yi wani nishi mai tsawo, Baffa ya ɗago daga igiyarsa, bai ko ga hoton ba.

"Kan ya juya," in ji shi. "Ta gaji."

Ita ba ta saci labarin kowa ba. Na ce da Sabi'u ya jingine wayar, ya shafe hannunsa da man da ke bokiti har kafaɗa. Na ce ya tura ɗan ciki. Baffa ya ce, "Ka ce masa ya jira ta huta tukuna." Na faɗa. Na bi da shi gaɓa-gaɓa, ga wuya, ga kunne, ga baki, rufe haƙoran da tafinka, juyo a hankali. Yana kuka yana yi. Mun fi rabin awa, ni a Tarai ina yin aikin da aka ce ban dace da shi ba. Ɗan maraƙin ya faɗo, ya yi atishawa. Na ji muryar Baturen daga nesa yana yabo, Sabi'u ya ce, "Zan kira ka," hoton ya ɗauke.

Baffa ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Wannan shi ne wanda suka ɗauka?"

"Shi ne, Baffa."

"Bai san saniya ba."

"Bai sani ba."

"To kai me suka tambaye ka da ka kasa?"

Wannan ce tambayar farko da ya yi mini a kan tafiyar. Da na so da na ce Turanci ne, ko takarda, zai yarda. Idona yana ƙasa, inda ya saba zama.

"Babu wadda na kasa, Baffa. Har wadda ba a amsawa na amsa."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya juya ya dubi inda shanun ke kwance suna tuƙa, ya daɗe, leɓensa yana motsi da addu'a. Bai yi faɗa ba, bai tambayi dalili ba. Ya ce, "To."

Washegari da safe na kwance maruƙa, na ɗauki sanda zan kora garken kiwo kamar yadda nake yi tun dawowata. Baffa ya fito da malafarsa, tsohon da gwiwa ta hana shi bin shanu shekara uku. Ya miƙo hannu, na ba shi sandar.

"Ka huta," in ji shi. "Ka sha hanya."

Na tsaya a bakin shinge ina kallonsa yana ɗingishi a bayansu, Wule a gefensa, har suka sha kwanar gonar gero.